Yadda za ka hana akwatin binciken kwamfuta tura abin da ka rubuta zuwa intanet

Akwatin binciken nan da ke ƙasan allon kwamfuta, wanda ke buɗewa idan ka danna maɓallin Windows ka fara rubutu, yawancinmu mun ɗauka abin neman fayil ne kawai. Ka ajiye takarda watan jiya, ka manta foldar da ka jefa ta, sai ka rubuta sunanta ta fito. Amma a Windows 10 da Windows 11, haka ma a kwamfutocin Apple, aiki biyu akwatin yake yi a lokaci guda. Yana duba cikin na'urarka, yana kuma aika haruffan da kake rubutawa zuwa sabar kamfanin da ya yi manhajar, wato manyan kwamfutocinsa da ke kan intanet, domin a dawo maka da shawarwari daga intanet. Ba ya jira ka gama rubutun, ba ya jira ka danna Enter. Kamar ka aiki yaron shago ya dubo maka kaya a sito ne, shi kuma kafin ya shiga sai ya buga wa dila waya ya gaya masa abin da ka ce a dubo.

Idan Excel kake nema ko kalkuleta, babu abin damuwa. Inda gizo ke saƙar shi ne irin sunayen da muke sa wa fayiloli. Shiga shagon buga takardu a Agege ko Idi-Araba a nan Legas, ka tsaya bayan mai aikin ka kalli allonsa. Za ka ga fayil mai cikakken sunan mutum sannan lambobi 11 na NIN ɗinsa a jere, ka ga wani an rubuta "sakamakon gwajin asibiti" da sunan mai shi, ka ga "yarjejeniyar fili" da unguwa da lambar gida. Idan mai takardar ya dawo yana son a sake buga masa, me mai shagon zai yi? Zai danna maɓallin Windows ya rubuta sunan mutumin. Haka abin yake wurin 'yan canji a tsibirin Legas, da masu fito da kaya a Apapa, da magatakardan 'yan gwari a Mile 12, da malamin Islamiyya da ke riƙe da sunayen ɗalibai da lambobin wayar iyayensu. Duk waɗannan amanar wasu ce a hannunsu, kuma masu amanar ba su ba da izinin a tura sunayensu wani wuri ba.

Gara in fayyace abin da ke fita da abin da ba ya fita, don kada tsoro ya wuce gaskiya. Akwatin ba ya kwashe takardunka ya tura. Abin da ke tafiya shi ne kalmomin da ka rubuta a cikinsa, tare da abubuwan da ke rakiyar kowace buƙata ta intanet, irin su adireshin IP ɗinka (lambar da ake gane layinka da ita a intanet) da yankin da kake da harshen da aka saita na'urar. Saƙon a ɓoye yake tafiya, don haka maƙwabcin da kuke amfani da wayfai ɗaya ba zai karanta shi ba. Kamfanin ne ke karɓa: Microsoft ta hanyar injin bincikensa mai suna Bing, ko Apple. Apple ya ce ba ya haɗa binciken da asusunka, wata lamba ta wucin gadi yake amfani da ita wadda ke canjawa duk minti 15. A Windows kuwa, idan ka shiga da asusun Microsoft, abin da ka bincika a Bing na iya zama cikin tarihin asusun. Ban ce akwai wani da ke zaune a Amurka yana karanta sunayen abokan cinikinka ba. Abin da nake cewa shi ne bayanin ya bar hannunka ba da niyyarka ba, kuma babu wata riba da kai ko mai takardar kuka samu.

Cece-ku-ce a kan wannan ɗabi'a ba yau ya fara ba. A watan Oktoban 2012 kamfanin Canonical ya fito da Ubuntu 12.10, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows daga dangin Linux, wanda ke tura abin da mutum ya rubuta a akwatin bincike zuwa sabar kamfanin, ya dawo masa da tallan kayan Amazon a gefen fayilolinsa. Masu amfani da Linux suka yi ca. Ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet ta EFF ta soki tsarin, Richard Stallman, jagoran fafutikar 'yancin manhaja, kuma ya kira shi manhajar leƙen asiri. Sai da Ubuntu 16.04 ya fito a 2016 aka bar abin a kashe tun daga farko. Microsoft ya haɗa Bing da binciken kwamfuta a Windows 8.1 a 2013, ya ƙara ƙarfafa shi a Windows 10 a 2015. Apple ya bi sahu a 2014 da tsarin kwamfutocinsa na Mac mai suna Yosemite. Wanda ke shakkar yadda akwatin ya dogara da waje, ya tuna Fabrairun 2020, ranar da mutane da yawa masu Windows 10 suka buɗe bincike suka ga allo fayau babu komai, har fayilolinsu na cikin kwamfuta ba sa fitowa, saboda matsalar da aka samu a ɓangaren sabar Microsoft.

Fara da gwaji, ka kuma san wace Windows gare ka

Kunna intanet. Danna maɓallin Windows, ka rubuta wata kalmar da ka tabbata babu fayil mai sunanta a kwamfutarka, misali Oshodi. Kada ka danna Enter. Idan ka ga jerin shawarwari sun fito da alamar gilashin bincike, ko taswira da hotuna a gefen dama, to kalmar ta riga ta je ta dawo. Wannan gwajin shi ne ma'auninka, da shi za ka tabbatar gyaran ya kama.

Sannan ka riƙe maɓallin Windows ka danna R, ka rubuta winver, ka danna Enter. Wani ɗan allo zai nuna maka ko Windows 10 ce ko 11, da lambar fitowarta, kamar 1909 ko 22H2 ko 24H2. Rubuta lambar a takarda. Yana da muhimmanci a nan Legas, domin kwamfutocin tokumbo, wato na gwanjo, da yawa da ake saya a Computer Village ta Ikeja da tsohuwar Windows suke zuwa, mai shi kuma ya ƙi sabuntawa saboda tsadar data, ga shi kuma gyaran tsohuwa da na sabuwa ba ɗaya ba ne.

Tun da kana nan, duba sunan wa kwamfutar take ɗauke da shi. Buɗe Settings, shiga Accounts, sannan Your info. Ba sau ɗaya ba na ga kwamfutar da aka sayo, injiniyan da ya sa mata Windows ya shiga da imel ɗinsa don aikin ya yi sauri, ya bar shi a haka. Idan imel ɗin da ke nan ba naka ba ne, tarihin bincikenka cikin asusun wani zai iya taruwa. A wannan shafin akwai zaɓin "Sign in with a local account instead", wanda ke mayar da kai asusun cikin na'ura kawai. Ga kwamfutar shago, shi na fi so. Leƙa kuma "Access work or school": idan har yanzu na'urar na haɗe da wani kamfanin ƙasar waje da ya taɓa mallakarta, wannan ya fi ƙarfin gyaran akwatin bincike, mayar da ita wurin wanda ya sayar maka.

Abin da ake kashewa ta Settings

A Windows 11, buɗe Settings, shiga "Privacy & security", sannan "Search permissions". A wasu sababbin fitowar an haɗe shafin ya koma "Search" kawai. A Windows 10 kuwa, Settings, sannan Search, sannan "Permissions & History".

A ƙarƙashin "Cloud content search" akwai maɓallai biyu, ɗaya na asusun Microsoft, ɗaya na asusun aiki ko makaranta. Su ne ke sa akwatin ya riƙa nemo maka abubuwa daga OneDrive da Outlook, wato ma'ajiyar fayil da imel na Microsoft, kuma ba zai iya nemowa ba sai ya tura kalmarka can. Kashe duka biyun. Sauka ƙasa zuwa History, ka kashe "Search history on this device", ka danna "Clear device search history". Wannan tarihin na cikin na'ura ne, amma a shagon da mutum uku ko huɗu ke taɓa kwamfuta ɗaya, shi ne ke nuna wa na bayanka abin da ka nema. Daga nan ka kashe "Show search highlights", wato hotunan nan da labaran ranar da ke cika akwatin kafin ma ka rubuta komai. Ba su da wani amfani ga mai aiki, kuma da datarka ake sauko da su, abin da mai jona kwamfuta da hotspot na waya zai fi kowa ji a jikinsa. A Windows 10 ana kashe su ta hanyar danna maɓallin dama na maus a kan sandar ƙasan allo, a shiga Search, a cire alamar da ke kansu.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, suna ganin sun gama. Sake gwajin Oshodi, za ka ga shawarwarin intanet suna nan daram. Microsoft bai sa maɓallin kashe su a Settings ba ga irinmu. A ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta tilasta masa tun 2024 ya bar mutane su cire binciken Bing daga kwamfutarsu kamar yadda ake cire kowace manhaja. Mu a Najeriya sai mun bi ta rajista. Wannan bambancin yana ɓata min rai, domin ya nuna abu ne mai yiwuwa, ba a dai ga dama a ba kowa ba.

Gyaran rajista, inda ainihin aikin yake

Rajistar Windows ita ce ma'ajiyar saitocin na'ura gaba ɗaya. Kuskure a cikinta na iya jawo matsala, saboda haka a nutse za a yi, kuma abin da aka faɗa kaɗai za a taɓa. Kada ka fara idan batirinka ya kusa ƙarewa kuma babu tabbacin wuta. Kana buƙatar asusun da ke da ikon admin.

Da farko ka yi wa kanka hanyar dawowa. Danna maɓallin Windows, rubuta "Create a restore point", buɗe shi, danna Create, ka ba shi suna da kwanan wata. Idan maɓallin ya ƙi dannuwa, shiga Configure ka kunna kariyar tukuna.

Yanzu riƙe Windows ka danna R, rubuta regedit, danna Enter, ka amsa Yes. A saman allon da ya buɗe akwai layin adireshi. Goge abin da ke ciki ka rubuta wannan daidai, ka danna Enter:

HKEY_CURRENT_USER\Software\Policies\Microsoft\Windows

A ɓangaren hagu, duba ƙarƙashin Windows ko akwai folda mai suna Explorer. A kwamfutoci da yawa babu ita. Idan babu, danna maɓallin dama na maus a kan Windows, zaɓi New, sannan Key, ka rubuta Explorer, ka danna Enter. Danna kan Explorer ɗin sau ɗaya don ka tabbata a cikinta kake. Koma ɓangaren dama inda fili yake, danna maɓallin dama, zaɓi New, sannan zaɓin DWORD mai 32-bit. Ko da kwamfutarka 64-bit ce, mai 32 za ka ɗauka, a nan mutane ke yawan zamewa su ɗauki QWORD. Sa masa wannan suna, ba tazara a tsakiya:

DisableSearchBoxSuggestions

Danna shi sau biyu, a wurin "Value data" ka goge 0 ka rubuta 1, ka danna OK. Rufe rajistar, ka sake kunna kwamfutar ta hanyar Restart. Idan ta tashi, maimaita gwajin. Wannan karon ya kamata ka ga babu sakamako, ko kuma fayilolinka da manhajojinka kaɗai. Idan har yanzu shawarwarin na fitowa, kusan kullum kuskuren rubutu ne a sunan, harafi ɗaya ya ɓace ko an bar tazara a ƙarshe. Koma ka duba harafi bayan harafi.

Wanda ke da kwamfutoci da yawa a shago zai fi son gajeriyar hanya. Danna maɓallin Windows, rubuta cmd, zaɓi "Run as administrator", ka liƙa wannan layi guda, ka danna Enter:

reg add "HKCU\Software\Policies\Microsoft\Windows\Explorer" /v DisableSearchBoxSuggestions /t REG_DWORD /d 1 /f

Aiki ɗaya yake yi da duk abin da aka zayyana a sama. Ajiye layin a fayil ɗin rubutu cikin filashi, ka riƙa kwafowa, ya fi ka riƙa rubutawa da hannu kowane lokaci.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata masu shago su sani. Gyaran na asusun da aka yi shi ne kawai. A ce kai mai gida kana da asusunka na admin, yaranka kuma suna da nasu marar iko. Idan ka zauna a asusun yaran, ka buɗe cmd, ta tambayi kalmar sirri ka sa taka, to a naka asusun gyaran zai sauka, nasu yana nan yadda yake, alhali su ne ke rubuta sunayen mutane tun safe har dare. Mafita ita ce ka ɗaga asusunsu zuwa admin na ɗan lokaci ta Settings, Accounts, wurin sauran masu amfani, "Change account type". Ka shiga cikinsa ka yi gyaran, ka gwada, sannan ka mayar da shi marar iko.

Idan lambar da winver ya nuna maka 1909 ce ko ƙasa da haka, wurin gyaran daban ne:

HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Search

A nan za ka ƙirƙiri DWORD mai suna BingSearchEnabled ka bar shi a 0, sannan CortanaConsent shi ma ka mai da shi 0. Amma gaskiya, kwamfutar da ta tsaya a 1909 tana da matsalar da ta fi wannan girma. Tallafin da Microsoft ya saba ba Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025, balle fitowar da ta daɗe da daina samun facin tsaro. Idan bayanan mutane kake ajiyewa a kanta, fara shirin sabuntawa ko canja na'ura.

Masu Windows Pro, wadda yawancin kwamfutocin ofis na tokumbo irin su EliteBook da Latitude da ThinkPad ke zuwa da ita, suna da hanyar da ba sai an taɓa rajista ba. Windows da R, rubuta gpedit.msc. Bi User Configuration, Administrative Templates, Windows Components, File Explorer. Nemo "Turn off display of recent search entries in the File Explorer search box", danna shi sau biyu, zaɓi Enabled, OK. Sunan bai ambaci Bing ba, amma wannan saitin shi ne ke rubuta DisableSearchBoxSuggestions ɗin da muka yi da hannu. Sunan kuma ya gaya maka abin da za ka rasa: File Explorer zai daina tuna maka kalmomin da ka nema a baya. A kwamfutar da ake tarayya a kanta, ni riba na ɗauke shi. Bayan gyaran za ka iya ganin rubutu a Settings cewa wata ƙungiya ce ke kula da wasu saitocin. Kada ka firgita, gyaranka ne ya jawo shi.

Idan wata rana kana son mayar da abin yadda yake, koma wurin, ka mai da 1 ɗin 0 ko ka goge shi, ka sake kunnawa.

Saura goge abin da ya riga ya tafi. Idan ka taɓa amfani da asusun Microsoft a kwamfutar, buɗe account.microsoft.com/privacy a burauza, ka shiga, ka nemo tarihin bincike. Karanta shi kafin ka goge. Abin da za ka fi cin karo da shi su ne lokutan da ka rubuta sunan fayil ka danna Enter da sauri, fayil ɗin bai fito ba, sai Edge, burauzar Microsoft, ya buɗe da sunan a shafin Bing. Kowa ya san wannan, sai mu rufe shafin da tsaki mu ci gaba da aiki, amma cikakken bincike ne aka yi da sunan mutumin.

Wannan gyaran bai hana Windows magana da Microsoft ta wasu hanyoyi ba. Idan kana son rage wannan ma, a "Privacy & security" shiga "Diagnostics & feedback", ka kashe aika bayanan da ba dole ba, da "Improve inking and typing".

Mac, Linux da tsofaffin Windows

A Mac, akwatin shi ne Spotlight, wanda ke fitowa idan ka riƙe Command ka danna doguwar sandar tazara. Apple ya sauƙaƙa kashewa. Buɗe System Settings, shiga Spotlight, ko "Siri & Spotlight" a wasu fitowar. A jerin abubuwan da yake nemowa, cire alamar "Siri Suggestions" da Websites. Idan ka ga "Help Apple Improve Search", shi ma kashe shi. A tsofaffin Mac, System Preferences ne, kuma sunayen su ne "Spotlight Suggestions" da "Bing Web Searches". Sannan ka shiga "Privacy & Security", "Location Services", can ƙasa "System Services", ka kashe wanda ya shafi shawarwari da bincike, domin shi ke haɗa kalmarka da yankin da kake. Gwajin Oshodi yana aiki a nan ma.

Ubuntu na yanzu ya bar Unity, tsarin allon da ya jawo cece-ku-cen Amazon ɗin nan, tun 2017, kuma bincikensa ba ya tura kalmominka don talla. Leƙa Settings, Search, ka kashe abin da ba ka buƙata. Mai tsohon Ubuntu na zamanin Unity ya shiga saitin sirri ya kashe "Include online search results". Windows 8.1 tana da maɓalli a PC Settings, "Search and apps", mai cewa a samo shawarwari daga Bing, sai a kashe shi. Windows 7 ba ta wannan ɗabi'ar, amma tallafinta ya ƙare tun Janairun 2020, kada wannan ya sa ka koma mata.

Layin adireshin burauza

Shi ma haka yake yi, yana tura haruffa tun kana rubutawa. A nan an fi samun uzuri, tun da intanet ka zo, amma mutane kan liƙa lambar asusun banki ko kalmar sirri a wurin bisa kuskure. A Chrome, shiga Settings, "You and Google", "Sync and Google services", ka kashe "Improve search suggestions", wanda a da ake kira "Autocomplete searches and URLs". A Edge, ƙarƙashin saitin sirri da bincike akwai sashen layin adireshi, inda za ka kashe nuna shawarwari daga haruffan da ka rubuta. A Firefox, Settings, Search, cire alamar shawarwarin bincike. A Safari, Settings, Search, cire alamar shawarwarin injin bincike da na Safari.

Da me za ka riƙa neman fayil, da yadda za ka sa masa suna

Bayan gyaran, akwatin Windows zai ci gaba da nemo manhajoji da fayiloli, kuma sau da yawa ya fi sauri tun da ba ya jiran amsa daga waje, musamman ranar da sabis ke ja da ƙafa. Idan ka san foldar, riƙe Windows ka danna E, ka shiga cikinta, ka yi amfani da akwatin da ke sama ta dama. Ga mai dubban fayiloli kuwa, akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Everything, ta voidtools, wadda ke jera sunayen duk fayilolin da ke faifan kwamfuta ta nemo su nan take, a cikin na'urar. Daga shafin voidtools.com za ka sauko da ita da kanka. Kada ka karɓa daga filashin da ya zaga shaguna goma.

Gyaran da ya fi duk waɗannan daɗewa yana aiki shi ne canja yadda ake sa suna. Lambar NIN ko BVN ba ta da dalilin zama a sunan fayil. Sunan fayil yana bayyana a wurare da yawa: a jerin abubuwan da aka buɗe kwanan nan, a layin firinta, a WhatsApp idan an tura, a allon da abokin ciniki na gaba ke kallo yana jiran layinsa. Ka ba kowane aiki lamba, kamar kwanan wata da lambar jeri, ka rubuta sunan mai shi a littafin shago. Idan ya dawo, ka duba littafi, ka rubuta lambar. Wani dattijo mai shago da na yi wa wannan bayani ya ce, "Malam, ai wannan ƙarin aiki ne." Na ce, "Alhaji, littafin bashi ma da hannu kuke rubuta shi, ba ku taɓa cewa ya yi yawa ba." Ya sa yaronsa ya sayo sabon littafi a ranar. Aikin da aka gama aka biya, wanda mai shi bai ce a ajiye masa ba, a goge shi, a kuma zubar da kwandon shara na kwamfutar.

Doka ma tana da magana a nan. Tun Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC mai kula da ita, kuma ta ɗora wa duk mai sarrafa bayanan mutane nauyin tsare su. Makaranta ko asibiti ko ofishin da ke tara bayanan jama'a da yawa ya kamata su sa wannan gyaran cikin abubuwan da ake yi wa kowace sabuwar kwamfuta kafin a miƙa wa ma'aikaci.

Ka koya wa duk mai taɓa kwamfutar abu guda: kafin ya rubuta kalmar sirri, ya ɗaga kai ya ga inda rubutun ke sauka. Hannu kan taɓa maɓallin Windows bisa kuskure, akwatin ya buɗe, mutum yana kallon kibod yana ta bugawa. Idan haka ta faru a kwamfutar da ba a gyara ba kuma intanet na kunne, a canja kalmar sirrin a ranar.

Gyaran rajista yakan tsira daga ƙananan sabuntawa, amma babbar sabuntawa na iya sauya abubuwa, kuma duk sabon asusun da aka buɗe a kwamfutar da saitin asali yake farawa. Fomatin kuwa yana share komai. Don haka duk lokacin da kwamfutarka ta dawo daga wurin injiniya a Ikeja, ko ta kwana tana sabuntawa, kafin ka rubuta sunan kowa a cikinta ka kunna intanet, ka danna maɓallin Windows, ka gwada da kalmar da ba ta da alaƙa da kowa. Idan shawarwarin sun dawo, ɗauko filashin da ka ajiye layin nan, ka sake liƙa shi a kowane asusu, ka kuma leƙa Your info ka tabbata ba a bar maka imel ɗin wani ba.